Kafin Ka Ce Rediyonka Ya Mutu

Ranar wata Laraba da dare mun yi zango da shanu a bayan gari, muna nufin kasuwar Maigatari wadda ke ci ranar Alhamis, sai wani dattijo daga cikinmu ya zaro rediyonsa daga jakar fata don a ji labarun duniya. Rediyon nan ya girmi duk yaran da ke kora mana shanun. Ya murɗa, ya murɗa, ba abin da ke fita sai shuuu, da wata murya can ƙasa-ƙasa kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Ya bubbuga shi a cinya, ya ja eriya ya mayar, daga ƙarshe ya ce, "To, wannan kam ya gama nasa, gobe in Allah ya kai mu sai in sayi sabo." Da gari ya waye muka matsa masa ya fara kai shi wurin mai gyara a bakin kasuwa. Yaron ya buɗe murfin batir, ya leƙa, ya ce, "Baba Alhaji, ai lafiyarsa lau, tsatsa ce ta ci sifirin." Ya kankare ta da bakin wuƙa, ya ɗaure sukurun gindin eriya da ya kwance, ya zuba sababbin batura, sai ga murya tangaran. Abin da Alhaji ya biya bai kai kuɗin tuwon mutum biyu ba.

Wannan ne ya sa muka keɓe filin nan ga maganar rediyo, ko da yake mun san wasu za su ce mene ne haɗin fataucin shanu da gyaran rediyo, alhali kowa da salula a aljihu. To, duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san haɗin. Manyanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar saifa da rabi, faran ɗin Faransa guda da ke saifa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Wanda ya ji da wanda bai ji ba, ba lissafi ɗaya suka shiga kara da shi ba. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamba na 2020 ta fara buɗe guda huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. A farkon Satumba na 2021 aka katse sabis ɗin salula a jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, sa'an nan katsewar ta kai ƙananan hukumomi da dama na Katsina, har da Jibiya, da wasu na Sakkwato. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Nijar da Nijeriya ta zauna a rufe har watan Maris na 2024, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke shigowa daga Nijeriya, cajin salula ma ya zama aiki. A watan Mayu na 2025 kuwa hukumomin Nijar suka dakatar da fitar da dabbobi waje gabanin Babbar Salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tarar da wasunmu a tsakiyar hanya, da dukiyar mutane a hannu.

Salula na da amfaninta, ba mu musa ba, da ita muke tambayar farashi a Agege ko Fatiskum. Amma tana son rezo, tana son caji, tana son kati, kuma cikin ukun nan ɗaya ya rasa ta zama dutse. Rediyo kuwa batir biyu ko uku ne abincinsa, kuma ba ruwansa da ko an tsayar da sandar kamfanin waya a garin da kake.

Abin da muke so 'yan'uwa su riƙe shi ne, idan rediyo ya daina kamawa da kyau, cutar tana iya zama a wuri uku. Ko dai tana cikin akwatin, ko tana wurin da kake zaune da lokacin da kake nema, ko kuma tana can gidan rediyon da kake so ka ji. Mafi yawan rediyoyin da ake jefarwa, ba a tsaya an rarrabe wannan ba. Hanyar ganewa kuwa ba wuya: ka ari rediyon maƙwabcinka a zango, ka ajiye su kusa da juna, ka nemi tasha ɗaya a lokaci ɗaya. In duka biyun suna shuuu, to naka ba shi da laifi. In nasa na magana naka na nishi, sai ka fara bincike. Ka kuma gwada zangunan duka, wato FM, da matsakaicin zango mai alamar MW ko AM, da gajeren zango mai alamar SW. In duka ukun sun yi rauni, ka tuhumi batir ko lasifika. In ɗaya ne kawai ya mutu, ka tuhumi eriyarsa ko makunnin da ke sauya zango.

BATIR TUKUNA

Batir, ko pil kamar yadda muke cewa a wannan ɓangaren, shi ne ɓarawon farko. Kowane guda bolt 1.5 yake da shi sa'ad da yake sabo, kuma rediyo ba ya jira sai ya ƙare ƙurmus kafin ya fara ciwo. Alamarsa ita ce murya ta riƙa rawa ko shaƙewa da zarar ka ƙara sauti, tasha ta riƙa zamewa sai ka yi ta bin ta da allura, kuma sau da yawa FM da manyan lambobin gajeren zango su ke fara ɓacewa alhali matsakaicin zango na nan da sauransa. Mun san al'adarmu, batir sai ya gama aiki a tocila sa'an nan a mayar da shi rediyo. Ba laifi in don tattali ne, amma kada ka yanke wa rediyo hukunci da batir ɗin da tocila ta ƙi. Kada kuma ka haɗa sabo da tsoho wuri ɗaya, domin tsohon zai janye sabon ƙasa, shi kuma ya fi saurin yoyo.

Shanya batir a rana yana ɗan farfaɗo da shi, gaskiya ne, don zafi na motsa sinadarin da ke ciki, amma na ɗan lokaci ne. Cizonsa da haƙori ko dukansa da dutse kuwa, wannan ku bari. Gwangwanin jikinsa ne ke tsagewa, ruwan ciki ya tsiyayo ya ci sifirin da ƙarafunan da batir ke taɓawa, in an yi rashin sa'a ya gangara har cikin allon rediyon. Wannan farin gari ko koren tsatsa da kuke gani a gidan batir, daga nan yake. A kankare shi da bakin wuƙa ko takardar goge katako har ƙarfen ya yi haske, a share da busasshen tsumma, a wanke hannu kafin a ci abinci. In sifirin ya saki ba ya matse batir, a ja shi kaɗan ya miƙe. Ka girgiza rediyon a hankali yana kunne: in murya na ɗaukewa tana dawowa, to batir ne ke wasa a gidansa. Wanda kuma zai ajiye rediyo ya yi mako biyu ko wata bai kunna ba, ya cire batura ya ajiye su daban. Rediyon Alhaji, abin da ya same shi ke nan, ya bar su ciki tun daga wata tafiya har wata.

Akwai wani kuskure da ya fi yawa wurin masu bin manyan motoci, shi ne jona rediyo kai tsaye da batirin mota. Rediyo mai batir biyu bolt 3 yake ci, mai uku 4.5, mai huɗu 6. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, yawancin manyan motocin da ke ɗaukar mana shanu kuwa 24 ne. Ƙiftawar ido ta isa ya ƙone, kuma wannan ƙunar ba kankara ke gyara ta ba. Tun da maganar batirin mota ta zo, bari mu faɗi wani abu ko da ya fita daga kan rediyo: kada a yar da mataccen batirin mota a kara ko inda dabbobi ke kiwo. Shanu na lasarsa, dalmar da ke ciki kuwa guba ce da ke kashe su.

ERIYA, DA SANDAR DA BA A GANI

Mutane da yawa ba su san rediyonsu eriya biyu gare shi ba. Doguwar da ake ja ta FM ce da gajeren zango. Matsakaicin zango kuwa ba ruwansa da ita. Tasa na ɓoye a ciki, wata baƙar sanda ce kamar gawayi, kwance a saman akwatin, an naɗe ta da siririyar wayar tagulla kamar gashi. Saboda haka in kana matsakaicin zango, jan eriya ɓata lokaci ne. Rediyon gaba ɗaya za ka juya a hankali, kamar mai neman alƙibla, har ka sami inda murya ta fi ƙarfi. Tana fin ƙarfi idan faɗin rediyon ya fuskanci garin da tashar take, tana kusan ɓacewa idan gefensa ne ya nuna can. Sandar nan fa tana karyewa in rediyo ya faɗi daga saman mota. In tun bayan faɗuwa matsakaicin zango ya mutu sauran na aiki, ka san inda za a duba.

Ita doguwar kuwa, a gajeren zango a ja ta duka a tsayar da ita sama. A FM a kwantar da ita gefe, a juya ta har a dace. Ga gwajin da kowa zai iya: ka kama wata tasha mai rauni a gajeren zango, ka mayar da eriya ciki, sa'an nan ka ɗora yatsa a kanta. Ya kamata murya ta ƙaru, don jikinka ya zama eriya. In ka ja ta, ka mayar, ka taɓa, duk ɗaya ne ba abin da ya sauya, to eriyar ba ta haɗe da cikin rediyon. Ko sukurun gindinta ya kwance, ko 'yar wayar da ta taso daga gindin zuwa allo ta tsinke. Sukuru kai ma ka iya ɗaure shi. Waya kuwa ɗigon dalma ɗaya ne wurin mai gyara. Wadda ta karye a tsakiya, sifokin keke ma na riƙe mutum kafin a kai gari, muddin ƙarfe ya taɓa ƙarfe sosai, ba a kan tsatsa ba.

A daji, inda ba gini ba ƙara, abin da ya fi taimako shi ne wayar tagulla mai rufin roba, tsawon mita 5 zuwa 10. A jefa kai ɗaya bisa itace, ɗaya kan kuma a naɗa shi sau biyar ko shida a jikin eriya da robarsa, ba tare da an fere ba. Dalilin barin robar shi ne, a lokacin hunturu busasshiyar iska na tara wuta a doguwar waya, irin wadda ke tartsatsi in ka tuɓe riga da dare, kuma in ta shiga kai tsaye tana iya kashe ɗan ƙarfen farko da ke karɓar murya. Kada kuma a ce tun da mita 10 ta yi kyau bari a sa 30. Ƙaramin rediyo ƙoshi yake yi, sai ka ji tashoshi uku sun hau kan juna. Abu biyu ne ba wasa a cikinsu: kada a jefa wayar kusa da layin lantarki, kuma da zarar hadari ya haɗu a kwance ta daga rediyon a sauke ta daga itace.

RANA DA DARE BA MITA ƊAYA BA

Nan ne aka fi zaluntar rediyo. Mutum ya saba kama tasha da rana a wuri kaza, da dare ya koma wurin bai same ta ba, sai ya ce akwati ya lalace.

Muryar FM a miƙe take tafiya kamar hasken fitila, shi ya sa in ka yi nisan 'yan gomman kilomita daga gari, ko tudu ya shiga tsakani, take ɓacewa. Ba gyaran da zai sa FM ɗin Maraɗi ya bi ka har Ikko. Gajeren zango daban yake. Muryarsa sama take tashi, ta bugi wani rufi na iska da ke can nisan ɗaruruwan kilomita, ta dawo ƙasa a wata nahiya. Da haka ne mutum na zaune a bakin tafki yake jin muryar da aka harbo daga Faransa, ko daga tsibirin Asenshan da ke tsakiyar tekun Atlantika, inda BBC ke da tashar harbawa tun 1966. Wannan rufi kuwa hasken rana ne ke gina shi, saboda haka halinsa na rana daban, na dare daban. Da rana ƙasansa na shanye ƙananan lambobi, manya su ke wucewa su dawo. Da dare sai abin ya juye, ƙananan su yi nisa, manyan kuma su huda sama su tafi abinsu.

A aikace ga yadda abin yake. Da rana tsaka a nemi mita 13, 16 da 19. Da asuba da bayan magariba a nemi mita 25, 31 da 41. In dare ya yi sosai, 41 da 49 sun fi. Abin da ke rikita mutane shi ne wani rediyon mita aka rubuta a fuskarsa, wani kuma megahas, kuma lambobin gaba da baya suke tafiya: mita in ta yi yawa, megahas kaɗan ne. Mu da lissafi ne abincinmu, wannan ba zai gagare mu ba. Ka raba 300 da lambar megahas, abin da ya fita shi ne mita. Megahas 6 ya ba ka 50, wato unguwar mita 49 ke nan, inda aka daɗe ana kama Rediyon Kaduna a kan 6090. Megahas 7 da 'yan kai mita 41 ne, 9 da rabi mita 31, wajen 12 mita 25, 15 da 'yan kai mita 19, tsakanin 17 da 18 mita 16, 21 da rabi kuma mita 13. In mai sanarwa ya faɗi kilohas, ka cire sifili uku a ranka, 15,000 shi ne 15.

Bugu da ƙari, manyan gidajen rediyon duniya na sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Duk shekara a waɗannan makonni sai ka ga mutane na kai lafiyayyun rediyoyi wurin gyara. Haka nan ita kanta rana tana da zagaye na kimanin shekara 11 da ƙarfinta ke hawa ya sauka, kuma ya kai ƙololuwa a wajajen 2024. A irin waɗannan shekaru manyan lambobi na kamawa da kyau, amma wani lokaci rana kan yi wani bugu, gajeren zango ya yi tsit da tsakar rana na 'yan mintoci ko fiye da sa'a guda, sa'an nan ya dawo da kansa. Murya da ke hawa tana sauka kamar numfashi kuwa halin gajeren zango ne tun asali, ba ciwo ba ne.

Wani abin kuma, a gajeren zango tashoshi a matse suke, kaurin allura ɗaya na iya rufe biyu. Mai gaggawa yakan tsallake tashar da yake nema sau uku bai sani ba. A murɗa a hankali ƙwarai.

ƘARAR DA BA TA REDIYO BA CE

Dattawa kan ce rediyon da ya fi na yanzu kamawa. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin gaskiyar ita ce garuruwan da sun fi na yanzu shiru. Yau kowace rumfa da ƙwan fitila na zamani, da cajar salula, da na'urar da ke juya wutar sola, kuma kowane ɗayansu na fesa ƙara a iska, wadda kunne ba ya ji amma matsakaici da gajeren zango na kwasa. Ita ce wannan zzzz ko ƙrrr da ba ta ɗagawa ko ina ka kai allura. Rumfar masu cajin salula a kara, mai janareta da caja hamsin a kan tebur, ita ce sarauniyarsu. Gwajin: ka ɗauki rediyo yana kunne ka yi tafiyar taku hamsin zuwa fili. In ƙarar ta ragu, rediyonka lafiya lau. Waɗanda suka lura sun ga cewa ranar da aka ɗauke wuta a unguwa rediyo ya fi fita tas.

Ɗakin kwano da ginin siminti mai rodi na tare murya, haka ma kan mota, don ƙarfe ne ya kewaye ka. In injin na aiki kuma ga tasa ƙarar, babur ma da ya gifta sai ka ji tatatata. A fito waje, ko aƙalla a matsa bakin taga a fitar da eriya. Wanda ke jona rediyo da wuta ta 'yar adafta mai araha ya ji gunji, ya cire ta ya sa batir ya gani. Ƙarar ƙas-ƙas da ke zuwa jefi-jefi da damina kuwa walƙiya ce daga nesa, ba ta da magani, sai dai tana gaya maka akwai hadari a wani wuri tun kafin ka hango shi.

ƘURA

Ba kayan da ke shan ƙura kamar rediyon falke, ga ta hunturu ga ta kofaton shanu. Wuri uku take kama shi. In kana murɗa abin ƙara sauti kana jin ƙarar-ƙarar, ko murya ta yi tsalle daga shiru zuwa ihu, ƙura ce a ciki. A kashe rediyo a murɗa shi gaba da baya sau ashirin ko talatin, sau da yawa ya isa. Haka makunnin sauya zango, a yi ta kai shi da kawo shi. Na uku ramin abin sawa a kunne: akwai ɗan harshe a cikinsa da ke yanke lasifika in an soka, to in datti ya hana shi komawa sai rediyo ya yi shiru gaba ɗaya alhali ba abin da ya same shi. A soka a zare sau da yawa. In duk wannan bai yi ba, masu gyara na da ruwan fesawa na musamman, ko ɗigon sifirit. Amma man gyaɗa, da baƙin mai, da kananzir, da fetur, ko kusa kada su je. Mai ƙura yake tarawa, fetur kuma roba yake ci.

Rediyon da ya faɗa ruwa wurin ƙetare gulbi, ko ruwan sama ya doke shi, kada a kunna don a ga ko yana aiki. Kunnawar ce ke kashe shi. A cire batura nan take, a buɗe bayansa, a bar shi a inuwa inda iska ke bi kwana biyu ko uku. Kada kuma a saba barin rediyo a gaban gilashin mota cikin rana.

INDA HANNUNKA ZAI TSAYA

In ka buɗe bayan tsohon rediyo za ka ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da kan sukuru mai launi, wani ja, wani rawaya, wani fari, wani baƙi. Duk wanda ya riƙe sukundireba sai ransa ya raya masa cewa sun kwance ne, bari ya ɗaure. Kada ka taɓa. Ba sukurun ɗauri ba ne, saiti ne da aka yi tun daga masana'anta don muryar ta bi hanya ɗaya, kuma rabin juyi ya isa ya kurmantar da rediyon. Abin da ke cikinsu ma gautsi gare shi, yana fashewa. Masu gyara sun fi jin haushin rediyon da mai shi ya riga ya bi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya, garin neman gira ya rasa ido.

Abubuwan da za a kai wa mai gyara sanannu ne. In murya na zuwa tana ɗaukewa idan ka ƙwanƙwasa jikin akwati, kuma ba batir ba ne, to jijjigar hanya ta tsaga dalma a allo, sai a sake ɗiga ta. In da sabon batir ma sauti ya yi ƙasa, ko yana fut-fut kamar babur, yawanci wasu 'yan ƙananan ganguna ne da ake kira kafasito suka bushe saboda shekaru da zafi, kuma canza su ba tsada. In kana murɗawa allura ba ta motsi, zaren da ke jan ta ne ya saki ko ya tsinke. In kowace tasha muryarta na kakkarwa kamar an sa takarda a baki, takardar lasifika ta yage ko maganaɗisunta ya tara ɓurɓushin ƙarfe. Ka gaya wa mai gyara abin da ka riga ka gwada, da zangon da ya mutu, da ko ya faɗi ko ya jiƙe. Ka kuma sa ya gwada maka gajeren zango a gabanka kafin ka biya, don wasu FM ɗin gari kawai suke kunna maka, wanda ko rediyo mai rabin rai na kama shi.

Ba mu ce kada a sayi sabo ba. Na yanzu masu caji da ramin sa katin karatu ko waƙa suna da daɗinsu. Sai dai yawancinsu duk aikin a cikin ɗan ƙwaya ɗaya yake, in ya mutu ba abin da mai gyara zai canza, kuma mai caji ya dawo da kai ga matsalar salula. Wanda zai saya don tafiya ya duba akwai SW a jikinsa, kuma yana cin batir ɗin da ake samu a teburin kowane ƙauye.

Saura wuri na uku, wato can gidan rediyon. Tashoshin gida da yawa da iyayenmu suka saba kamawa a gajeren zango sun koma FM. Muryar Jamus, wadda ta fara Hausa a 1963, ta rufe tasharta ta harbawa da ke Kigali a 2015. Muryar Amurka, da ta fara Hausa a 1979, ta dakatar da shirye-shiryenta a watan Maris na 2025. A nan Nijar an dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, BBC kuma aka dakatar da ita na wata uku a Disamba na 2024, masu jin su ta FM suka wayi gari ba su. Mun ga waɗanda suka sayi batura har sau biyu a irin waɗannan ranaku suna zaton nasu ne ya lalace. In tasha ɗaya ce ta ɓace, maƙwabtanta a kan allura na nan daram, ka tambayi mutane kafin ka tambayi mai gyara.

Shi dai Alhaji yanzu a cikin tsumma yake naɗe nasa kafin ya sa a jaka, batura a aljihun gefe, tare da ƙaramin sukundireba da wayar tagulla a naɗe a jikin kara. Mun kuma ga ya manna 'yar takarda a bayan rediyon, inda jikansa ya rubuta masa mitocin safe da na rana da na dare. In ƙarshen Oktoba ya zo aka sanar da sababbi, sai a ɓare ta a manna wata.